Kiri-kiri a Filin Ƙwallo: Yadda Ake Dasa Ta da Rainonta a Ƙasar Yauri

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙwallo da la'asar a Yelwa cikin watan Maris ya san yadda abin yake. Da an bugo kwana sai ƙura ta turnuƙe gaban raga, mai tsaron gida ya miƙe fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa, gwiwa a saɓule, yana tofar da ƙasa. Tafiyar 'yan mintoci daga nan kuwa ga ruwan tafkin Kainji shimfiɗe iya ganin mutum, ga fangalin albasa kore shar a bakinsa. Kamar filin Yelwa, haka filayen makarantu da na unguwanni suke a Wara da Birnin Yauri da Shanga: su yi duhuwa da damina har a rasa inda layi yake, su koma sanƙo kafin hunturu ya wuce.

Idan aka tayar da zancen gyara, yawanci sai a ce ai sai an sayo iri daga Abuja ko daga waje. Alhali ciyawar da ta fi dacewa da wannan ƙasa tana nan a gefen gonaki, manomin albasa na yini yana cire ta yana tsaki. Kiri-kiri ce. Halin da ya sa manomi ya tsane ta shi ne ainihin abin da filin wasa yake nema. Tana yaɗo a saman ƙasa, kowace gaɓa ta taɓa danshi sai ta saki saiwa, sannan tana da wasu jijiyoyin da ke tafiya a ƙarƙashi suna ɓullowa can gaba. In takalmi ya ɓantare wani wuri, na gefe ne za su rarrafo su rufe. Tana son rana, tana jure tattaka, in fari ya yi tsanani ta bushe ta yi kamar ta mutu, da ruwa ya sauka ta farfaɗo.

Turawa suna kiranta ciyawar Bamuda, ko da yake ba can ne asalinta ba, kai ta aka yi. A garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, wani masani mai suna Glenn Burton ya yi shekaru yana aiki a kanta, kuma a 1960 aka fitar da nau'in Tifway, wanda ya samu daga haɗuwar kiri-kiri da wata 'yar'uwarta mai siririn ganye daga Afirka ta Kudu. Har yau ana shimfiɗa shi a filaye da dama na ƙasashe masu zafi. Ba ya yin ƙwaya mai tsira, dashensa ake yi, kamar yadda za a yi da ta bakin tafki. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar wata ciyawar aka yi amfani da ita, mai suna fasfalum, wadda aka san ta da jure ruwa mai gishiri. Yauri ba ta da wannan larura. Ruwan Kainji ruwan daɗi ne.

Sai dai a lura da abin da za a tono. Burugu, wadda makiyaya ke yanka a bakin tafki, abincin shanu ce, sai cikin ruwa take rayuwa. Harƙiya da gude-gude suna kama da kiri-kiri ga wanda bai saba ba, amma 'yan damina ne, da kaka ta yi sun zubar da iri sun mutu. Alamar kiri-kiri ita ce doguwar igiya mai gaɓa-gaɓa da ke bin ƙasa, ganye gajere siriri, da kai mai rassa huɗu ko biyar a baje kamar yatsun kaza. In ana shakka a tafi da manomin fadama, ba zai yi kuskure ba.

Lissafin ruwa kafin a taɓa fartanya

Nan ne akasarin ayyuka suke mutuwa, don haka nan ya kamata a daɗe. Cikakken filin ƙwallo irin na manyan gasanni mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. A tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kiri-kiri na bukatar kamar milimita 30 a mako in ana so ta zauna kore ana kuma wasa a kanta. Idan aka buga lissafi, lita 214,200 ke nan kowane mako, fiye da jarka 8,500 mai cin lita 25. 'Yan garuwa ba za su iya wannan ba, ƙaramar rijiyar burtsatse ta makaranta ma ba za ta iya ba, kuma bai dace a hana ɗalibai ruwan sha don ciyawa ba.

Abin da zai iya shi ne injin ban-ruwa irin na masu noman rani. Mai inci uku, a rubuce yana tura kusan lita 1,000 a minti guda, amma da an ja tiyo ya yi nisa ko an hau tudu sai ya ragu, gara a ƙaddara rabi. Awa bakwai ke nan a mako, a raba gida biyu ko uku. Kuɗin mai na waɗannan awoyi, daga Nuwamba zuwa Mayu, shi ne ainihin farashin kore fili, kuma kwamitin da bai san inda zai samo shi ba kada ya fara.

Akwai kuma halin tafkin kansa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan yana da lokacin cika da lokacin janyewa. Yana tumbatsa daga ƙarshen damina zuwa cikin hunturu, sannan ya riƙa ja da baya a bazara, daidai lokacin da ciyawa ta fi ƙishi. Gungawa masu albasa sun san wannan sarai, bin ruwan suke yi da injinsu. Mai fili ba ya iya ɗaga filinsa ya bi, saboda haka ya auna nisan ruwa a watan Afrilu, ba a Disamba ba, ya sayi tiyo gwargwadon haka. Filin da ke nesa da gaɓa, kamar na ƙauyukan tudu a Shanga, sai dai rijiyar fadama ko burtsatse mai injin hasken rana da babban tanki. Kuma kada kwaɗayin kusanci ya sa a shata fili a inda tafki ke mamayewa.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba yana da mafita. Da'irar yadi goma sha takwas ta kowane gefe murabba'in mita 665 ce, biyun ba su wuce lita 40,000 a mako ba. A shayar da su da tsakiyar fili, inda ƙafa ta fi yawa, a bar gefuna su yi barcin rani ana ɗan jiƙa su bayan mako biyu ko uku don kada saiwa ta mutu. Ba zai yi kyau a hoto ba, amma gwiwar gola za ta tsira.

Yadda ake ba da ruwan ma yana da muhimmanci. A ba da mai yawa jefi-jefi ya fi a yayyafa kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da inji ya lalace kuwa sai ta ƙone. Da asuba ake yi, kafin iska ta tashi. Masu feshin ruwa na juyawa za su iya jera gwangwanayen madara biyar ko shida a wurare daban-daban, in ruwa ya kai santimita ɗaya a ciki a matsa gaba. Masu sakin tiyo kuwa su soka sukuddireba bayan an gama: in ta shige tsawon tafin hannu ba gardama, ruwa ya kai inda ake so. Ciyawar da ke jin ƙishi tana faɗa da kanta. Launinta yakan koma toka-toka, kuma in an taka, sawun ba ya tashi.

Gyaran ƙasa da dashe

Aikin ƙasa a Afrilu da Mayu ake yinsa, don dashe ya faɗo a Yuni lokacin da ruwan sama ya zauna. Da farko a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi a wurare uku ko huɗu, a cika da ruwa. Wanda ya shanye cikin 'yan awoyi jigawa ce, za ta ci taki da ruwa da yawa amma ba za ta yi caɓi ba. Wanda aka wayi gari da ruwa a ciki laka ce, sai an gauraya ta da yashi mai kaushi. Yashi ba ya wuya a bakin Neja. Abu ɗaya dai, a ƙasar da ake haƙar zinare kamar Yauri da Ngaski, a tambayi direban tifa inda ya ɗebo, kada a kawo tarkacen wurin wankin ma'adini a shimfiɗa inda yara za su riƙa faɗuwa.

A kashe ciyawar da ke wurin tukuna. Ko dai a bari ruwan farko ya tsirar da ita a nome, a sake bari a sake nomewa, ko a fesa maganin nan mai ƙone komai, gilaifoset, a jira mako biyu. Tofa da aya-aya sai an bi su da diga an tsince saiwa da 'ya'ya, in ba haka ba za a yi shekaru ana fama. Daga nan a kafce ƙasa zurfin santimita 15 zuwa 20, da garmar shanu ko tarakta, a tsince duwatsu da kwalabe da ƙusoshi, a zuba ruɓaɓɓen taki kamar baro ɗaya a kowane murabba'in mita goma. Ruɓaɓɓe aka ce. Ɗanyen kashin shanu cike yake da irin ciyawa, ga shi yana kiran gara.

Sai daidaita fili, aikin da mutane suka fi yi wa garaje. Filin ƙwallo ba shafe yake ba kamar faranti, ƙusumbi gare shi wanda ido ba ya gani: tsakiya ta ɗara gefe da santimita ɗaya a kowace mita, wato kimanin santimita 34 daga tsakiya zuwa layin jifa. Ƙasar Yauri na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba, kuma in ba wannan gangaren, malka ɗaya ta isa ta mayar da da'irar tsakiya kududdufi. Kowane magini yana da siririn tiyon awo mai ruwa a ciki. Da shi da fegi da igiya za a fitar da gangaren, a ja katako a baje, a jiƙa, a bari ta kwanta, a cike inda ya lotsa. A tona ɗan lambatu a wajen layi ya kwashe ruwan.

Wajen tono iri, a nemi izinin mai gona, wanda galibi murna zai yi. A ɗebo nan kaɗan can kaɗan, kada a tsiraita gaɓar ruwa gaba ɗaya don ciyawar ce ke riƙe ta. Abin da aka tono a murabba'in mita ɗaya, in an yayyage shi, yakan dasa kamar goma. A tara a inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a dasa a ranar ko washegari. Ana ja layi da bakin fartanya, tazarar kamu ɗaya tsakanin layi da layi, a kwantar da igiyar ciyawar mai gaɓa uku ko huɗu, a binne kashi biyu cikin uku, a bar kan ganye a waje, a taka da dunduniya. 'Yan wasa ashirin da ɗalibai aji biyu za su gama fili cikin 'yan kwanaki.

Mako biyun farko ne kaɗai ake saɓa ƙa'idar ban-ruwa: ƙasa kada ta bushe ko yini ɗaya. Bayan mako takwas zuwa goma sha biyu fili zai rufe. Daga nan sai babbar jarrabawa, wato hana samari shiga. Kore ba ya nufin ta kama. A damƙi ciyawar a ja, in ta taso da sauƙi a ƙara haƙuri.

Yanka da taki

Kiri-kirin da ba a yanka sai ta yi tsawo ta yi sako-sako. Yanka ne ke tilasta mata yaɗuwa gefe har ta saƙu kamar tabarma. A riƙe ta a tsawon santimita uku zuwa huɗu, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a yanka ɗaya. Da damina wannan na nufin sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya bari ta kai gwiwa sannan ya aske ta ƙwal ana jibi gasa, kara zalla zai samu, fili ya yi ja.

Adda da lauje ba sa fitar da tsawo ɗaya, sai injin turawa. Mai bakin rabin mita zai ratsa tsawon fili sau 136 kafin ya gama fili, tafiyar kilomita 14 ke nan, don haka a raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku. A riƙa kai wuƙar injin wajen maƙeri ko mai walda a wasa ta, dakusasshiya tsinka ganye take yi, bakinsa ya bushe ya yi fari. Ratsin nan mai duhu da haske da ake gani a talabijin ba fenti ba ne, ganye ne aka kwantar gaba a wani layin, baya a wani.

Taki kuwa, a farkon damina a zuba kamfa mai lamba 15-15-15 buhu biyar a cikakken fili. Bayan haka yuriya buhu ɗaya da rabi duk mako biyar ko shida muddin ciyawa na girma. A raba kowane zubi biyu, a watsa rabi ana tafiya a tsaye, rabi a kwance, don kada wani wuri ya ƙone wani ya yi yunwa. Ganye ya zama a bushe lokacin watsawa, a bi da ruwa nan take. In hadari ya haɗo baƙi ƙirin a dakata, domin ruwa mai ƙarfi zai wanke takin ya kai tafki, an yi asarar kuɗi an kuma ɓata wa masunta ruwa. Filin da aka bari ya yi barcin rani ba a ba shi yuriya.

Sau ɗaya ko biyu a shekara a sassauta ƙasar da tattaka ya daddaɓe. A bi gaban raga da tsakiya da cokalin tono mai yatsu, a soka zurfin yatsa, a ɗan girgiza, a matsa taki ɗaya, sannan a share yashi ya cika ramukan.

Masu cin fili

Ƙarangiya da tsidau a tumɓuke su kafin su yi ƙaya. Masu faɗin ganye maganin 2,4-D da manoman shinkafa suka sani yana kashe su ba tare da ya kashe kiri-kirin da ta kafu ba, amma a bi awon da ke jikin gora, a guji ranar iska in akwai gonar albasa ko wake kusa. Gara tana bin busasshiyar ciyawa, don haka a kwashe tarin da inji ya bari, a nemi shurin a tone shi. Tun 2016 kuma an samu sabuwar baƙuwa, tsutsar nan mai cin masara, wadda kiri-kiri ma abincinta ce. In aka ga wani yanki ya yi ja cikin kwana biyu, tsuntsaye na yawan sauka, a zuba ruwan omo bokiti ɗaya a wurin, in suna nan za su fito. A nemi malamin gona ya faɗi maganin da ya dace, a rufe filin har kwanakin da aka rubuta su cika.

Duk waɗannan ba su kai mutane ɓarna ba. Mai koyon mota da mai wasa da babur, garken shanu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, rumfunan biki da taron siyasa da ake bari kwana uku, da mai shata layi da baƙin mai, wanda ke kashe ciyawa da ƙasar baki ɗaya. Layi da fentin ruwa ake yinsa ko farar ƙasa. Shinge wajibi ne, ko na waya ko na aguwa da bini-da-zugu, da ƙofa ɗaya da makulli a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani. Su kansu 'yan wasa a ƙayyade musu: wasa uku ko huɗu a mako, atisaye a riƙa yinsa a kwance da ƙananan raga ana sauya wuri, ba a shiga ranar da aka yi ruwa mai yawa. A bayan raga a keɓe ɗan fangali mai mita goma kowane gefe a matsayin gandun reno. Da gaban gola ya fara sanƙo sai a yanko faci da shebur, a dasa, a daddaɓe, a kewaye da igiya na mako biyu.

Kada a ɗauka kuɗi kaɗai ke tsare fili. Babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, Aliko Ɗangote ne ya ɗauki nauyin sake masa ciyawa, a can aka kara da Ghana a Maris ɗin 2022, amma ba a daɗe ba aka koma kuka da lalacewarsa, manyan wasannin Najeriya suka koma Uyo. Dasawa aikin wata uku ne, kulawa kuwa ta kowane mako ce, kuma sai an sa sunan wani a kanta da ɗan alawus ɗinsa.

Mai son ɗan kore a tsakar gida ko harabar masallaci da asibiti, hanyar ɗaya ce, illa wurin ya samu rana aƙalla awa shida. Kiri-kiri ba ta yi a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya. Can sai mai faɗin ganyen nan da masu sayar da furanni ke kira kafet, ita kuma ta fi shan ruwa, ba ta kai kiri-kiri jure ƙwallo ba. Ruwan alwala ya wadatar da ɗan fili mai taku biyar in aka karkato da shi, ruwan wanki mai omo dai a kai shi wani wuri. A yi mata iyaka da bulo don kada ta shiga fangalin alayyahu, a kuma riƙa yankewa saboda sauro da maciji.

Shugaban makaranta ko ƙungiyar matasa da ke son gwadawa ba sai sun jira kwangila ba. Su auna gaban raga ɗaya, mita 18 da mita shida, su kafce shi a watan Mayu, su je bakin ruwa da baro biyu a Yuni. Abin da wannan ɗan wurin ya ci na ruwa da mai zuwa Afrilu mai zuwa, a rubuta shi a littafi, shi zai nuna ko za a iya ɗaukar sauran filin.